Tsohuwa Mai Shan Baƙin Mai

Tun da matarsa ta rasu motar ta koyi shan baƙin mai. Da ma tana ɗan taɓawa, kamar kowace tsohuwar mota, amma a da da kunya take sha, sai an yi wata da watanni kafin a ƙara mata. Yanzu ta ajiye kunyar. Galan-galan ɗin da ta shanye sun yi layi a gindin katanga. Idan ya tayar da ita da safe sai ta turnuƙe tsakar gida da shuɗin hayaƙi, matar maƙwabci ta fito da gudu tana kwashe shanyarta.

Jan Biro ake ce masa. Sunan daga maɗaba'a ya biyo shi, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta abin da wasu suka rubuta kafin a buga, yana zagaye musu kurakurai. Ya gyara wa manyan marubuta littattafai, suka karɓi yabo, shi kuma ya karɓi fansho da ciwon wuya. Motar ya saye ta a hannu na biyu shekarar da aka haifi 'yarsa, ga shi 'yar yanzu har ta fara rina furfura. Mitar da ke ƙirga tafiya ta zagaya ta dawo farko, ta sake kamawa, daga baya ta gaji ta tsaya. Marigayiya ce ta laƙaba wa motar suna Tsohuwa.

Kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya buɗe bonet, ya zaro ɗan siririn ƙarfen nan na gwada mai, wanda makanikai ke kira geji, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. A zamanin da gidan yake gida, daga nan sai ya miƙa ƙarfen ta tagar kicin. Matarsa kuma ta leƙo, hannunta duk kumfar wanke-wanke, ta ce, "Ya isa," ko ta ce, "Ɗan ƙara kaɗan, kada ka yi mata irin zubin da kake wa shayinka sukari." Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba har ta koma ga Allah, amma ita ce ke karanta allon hanya, ita ce ke cewa ga rami nan, ga mai keke can, tsaya, taho. Shi yana ɗauka surutu ne kawai irin nata. Sai da aka kwashe tabarmin gaisuwa, ya fita shi kaɗai, ya tarar gari ya yi hazo-hazo a tsakiya, gefe da gefe ne kawai ke fita sosai. Ya wanke gilashin mota, ya sauya tabarau, ya ɗora laifin a kan masu buga jarida da suka koma amfani da tawada mai arha. Bai gaya wa kowa ba. Ya rage yawonsa zuwa hanyoyin da ƙafarsa ta haddace, wato banki, da kantin baƙin mai, da wajen mai jarida, wanda har yanzu yake saye yana ninkewa a hammata don kada a tambaye shi dalilin dainawa.

Yanzu idan ya zaro ƙarfen sai ya ɗaga shi wajen haske da kansa, ya juya, ya matso da shi hanci. Kullum a bushe yake ganinsa. Sai ya ɗauko mazurari ya tuttula mata, yana cewa, "Sha, Tsohuwa. Wa ya rage mana da za mu yi wa tanadi?"

'Yarsa ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ɗaya gefen gari, kuma da muryar aiki take yi wa kowa magana. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ta daɗe tana so ya rufe gidan ya koma wurinta. Ta gyara masa ɗakin baya, ta sa labule mai furanni, ta kai shi ya gani. Ya duba ya ce ɗakin ya yi kyau, ya dace da mutumin da ke jiran a kira sunansa. Duk lokacin da ta ta da maganar, amsarsa ɗaya ce, mutumin da ke da motarsa ba ya buƙatar a goya shi.

Wata Asabar ta zo da safe a motar haya, ta tarar da shi tsaye cikin hayaƙi yana tari.

"Baba, wannan mota ce ko murhu?"

"Sannu da zuwa ake fara cewa, Uwata."

"Kai ne za ka ce mini sannu da zuwa, ni ce baƙuwar. Kashe ta, don Allah." Ta dubi galan ɗin da ke gindin katanga, ta dube shi. "Duk ita ta shanye waɗannan?"

"A'a, ni nake jiƙa burodi da shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Su kai motar gareji yanzu-yanzu, ita ma za ta bi. In makaniki ya ce injin na da sauran rai, ta yi alkawarin ba za ta sake yi masa zancen ƙaura ba. In kuwa ya ce ya mutu, a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, shi kuma ya haɗa littattafansa. Ya so ya ja maganar, ya ga ta riga ta buɗe ƙofa ta zauna a gaba, ta ɗora jaka a cinya. Tun rasuwar babu wanda ya zauna a kujerar. Ya shiga ya ja mota a hankali, yana bin gefen titi, yana yi wa kowane inuwa hon. Ita kuma tana ta amsa wayar asibiti, kanta a sunkuye.

Garejin wani fili ne tsakanin shagon walda da gidan da ba a gama ginawa ba, cike da motocin da masu su suka manta da su. Ƙasar wurin ta sha mai har ta zama kamar fata. Makanikin sa'ansa ne, ko ya ɗan girme shi, mai ƙaton ciki da guntun yatsa ɗaya da fanka ta cinye. Jan Biro na kiransa Injiniya don tsokana, shi kuma ya karɓi sunan ya riƙe da gaske. Rabon Tsohuwa da garejin tun kafin jinyar marigayiya, domin Jan Biro ba ya son a taɓa masa ita sai dole.

Injiniya na zaune a kan wata kujerar mota da aka ciro aka jingina da bishiya. Bai ko motsa ba.

"Tun daga kwana na san ku ne," in ji shi. "Na ɗauka gobara ce ta taho da ƙafarta. Malam, ashe kana duniya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Kai ma ga ka nan ba ka mutu ba."

"Ina zan mutu in bar maka gari? 'Yata, sannu. Ke ce 'yar mitsitsiyar nan da ta yi mini amai a kan sifana?"

Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayanin abin da ya kawo su, ba ta rage komai ba, har da ɗakin baya. Injiniya ya ce a taka mata wuta. Jan Biro ya taka, salansa ta yi aman hayaƙi, mai walda ya leƙo yana zagi.

"Kashe, kashe! Ring ne, zoben nan na cikin inji. Ring ya cinye, mai na haurawa sama yana ƙonewa. Ai ko makaho ya san wannan. Sai an sauke injin, kuma in an sauke ma, kayan irin wannan mota sai dai a gidan tarihi. Malam, Tsohuwa ta yi maka bauta. Ka 'yanta ta."

'Yar ta sauke numfashi. Ba murna ta yi ba, amma Jan Biro ya ji sauƙin da ke cikin numfashin.

"Daga zaune ka yanke hukunci?" in ji shi. "Na zauna da irinku a maɗaba'a. Su duba bangon littafi, su rubuta sharhi shafi guda. Ko bonet ba ka buɗe ba. In za ka kashe ta, tashi ka kashe ta da hannunka."

"Hayaƙi ba ya ƙarya."

"Kai kana yi."

Injiniya ya yi dariya har cikinsa na rawa, ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ce to, tunda Malam shaida yake so, zai juye man a gabansa. In ring da sauran ƙarafan ciki sun cinye, za a ga garinsu na walƙiya a ƙasan daro. Aka tura motar kan rami. Ya sauka yana nishi, ya tara tsohon daronsa wanda ya ce babu ƙaramar motar da ta taɓa cika shi, ya kwance noti. Daidai nan aka sake kiran 'yar a waya, ta toshe kunne ɗaya ta nufi bakin titi.

Mai ya fara zuba. Jan Biro na tsaye a bakin rami yana jin sautinsa, yana jiran ya tsinke. Sautin ya ƙi tsinkewa. Can sai ya ji Injiniya ya yi salati, ya ji ƙarar daro, ya ji an ce, "Kai! Kai! Miƙo mini bokiti!" Bai ga bokitin ba sai da ƙafarsa ta ture shi. Da Injiniya ya hauro, mai ya jiƙa masa gaban riga har wando, yana ɗiga daga gwiwar hannu.

Ya tsaya yana goge hannu da tsumma. Ya tsoma yatsa a daron ya murza. Man fes yake, ruwan zuma, sai kumfa a sama.

"Malam," ya ce, ya rage murya. "Wa ke duba maka geji?"

"Ni."

"Da fa?"

Jan Biro ya juya kai wajen kujerar da matarsa ke zama.

"Allah ya jiƙanta," in ji Injiniya. Ya waiga wajen titi, ya matso. "Abin da ke cikin motar nan ya ishi motoci biyu har a sam wa janareta. Tsohon mai baƙi ne, yana fita a jikin ƙarfe. Sabo kuwa kamar ruwa yake. Kai kana ƙarawa yana ƙara haske, yana ƙara haske kana ƙarawa. Ita kuma baiwar Allah ta rasa inda za ta kai shi, sai ta ƙona wani, ta zubar da wani. Ɗura kake yi mata. Ni ma da na tashi na zaro gejin nan tun farko da ban yi wanka ba."

"Injin fa?"

"Ya tsufa, kamar ni da kai. Tana sha kaɗan, ba za ta fasa ba. Amma da sauranta."

Da sauranta. Abin da ya zo nema ke nan, ga shi an ba shi, sai dai ya ji kamar an zare masa wando a kasuwa. Ya kalli wajen da ya san fuskar Injiniya take. Kunnuwa yake gani da hula, tsakiya kuwa toka-toka.

"Kada ka damu," in ji Injiniya. "Bar ni da ita. Kai dai ka daina zubawa. Ka riƙa biyowa nan duk mako ina duba maka, mu sha shayi, ka zage ni, ka tafi."

Da 'yar ta dawo, Injiniya ya riga ya tura bokitin ƙarƙashin wata matacciyar mota. Ya karɓi laifin da kansa, ya ce ya yi gaggawa, tsufa ne. Wata 'yar roba ce ta toshe a sama, ita ke sa hayaƙi, ya riga ya gyara. Ya zuba mai daidai awo, ya wanke fulogi, aka tayar. Ta yi hayaƙi na ɗan lokaci tana ƙone ragowar da ke salansa, sannan ya fara sirancewa, har aka koma ganin shagon mai walda.

"Roba?" in ji ta. "Duk galan ɗin nan roba ce?"

"'Yata, ku a asibiti ba ƙaramar jijiya ke kayar da ƙato ba?"

Ta dube shi, ta dubi rigarsa, ta dubi mahaifinta. Ta san ana yi mata wani abu, ba ta dai gano ta ina ba. Amma ita mace ce mai cika magana, wannan a wurinsa ta gada.

"Shi ke nan, Baba. Na faɗa, ba zan janye ba. Ka ci."

"Ba gasa muke ba, Uwata."

"Gasa ce mana. Kullum gasa ce."

Ya shiga ya zauna. Sitiyarin ya yi santsi daidai inda tafukansa ke kamawa. Injin na kaɗawa a hankali, da irin muryar da ya manta tana da ita. Sai dai yayin da suke kan rami an shigo da wata babbar mota an tare gaba, ba hanyar fita sai da baya, ta wani ɗan lungu tsakanin tulin tayoyi da motocin da ke kan duwatsu.

"Bari in duba maka baya," in ji ta, ta zagaya.

Ya taka kuloci, ya sa giyar baya. Ya dubi madubin tsakiya, hazo. Ya dubi na gefe, hasken rana ne kawai ke rawa a ciki. Ya juya wuyansa iyakar inda ciwo ya bar shi. Yana ganin gefen tayoyin, yana ganin wani jan abu can a kusurwa, amma tsakiyar gilashin baya, inda mutum zai tsaya, babu komai sai toka.

"Taho, Baba!"

Muryar daga baya take. Ko hagu ko dama, ko nesa ko jikin bamba, mai walda ya kunna injinsa, ba a tantancewa. Ya tuna farin mayafi ta yafa. Ya nemi fari bai samu ba.

"Taho mana! Ga hannuna, bi hannuna!"

Ƙafarsa na kan kuloci. Kulocin Tsohuwa ba ya kamawa a hankali, sai can sama yake fizga, shekaru ke nan. In ya ɗaga, wataƙila ya fita lafiya. Sau nawa yana fita lafiya. Gobe ya tashi a gidansa, ya dafa shayinsa, babu labule mai furanni, babu jikokin da za a riƙa ce wa ku yi shiru Kaka na barci.

"Baba, me kake jira?"

Ya mayar da giya, ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli. Injin ya yi shiru. Ya zauna kaɗan hannunsa a kan sitiyari, sannan ya zare makullin ya fito. Sai da ya juya kai gefe ya same ta da wutsiyar ido. Tana tsaye daf da bayan motar, a tsakiya, hannu a sama.

"Ta mutu ne kuma?" ta tambaya.

"Lafiyarta ƙalau. Babu wata roba, Injiniya maƙaryaci ne, na gaya masa tun ɗazu." Ya miƙa makullin wajen da muryar take. "Ba na ganin ki, Uwata."

Ba ta karɓa nan take ba. Ya ji takunta, ya ji ta tsaya a gabansa. Ya zaci faɗa za ta yi, ya ma shirya amsa. Sai ya ji yatsunta masu sanyi sun ɗaga masa haɓa, sun ja fatar idonsa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi wa baƙin da ba ta sani ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka daina gaya mini inda rami yake."

"Kuma ka ɗauko ni a haka. Ka ratsa gari da ni a haka."

"Kina waya."

Ta karɓi makullin. Injiniya ya sami abin yi a ƙarƙashin wani bonet, yana ƙwanƙwasa abin da bai lalace ba. Da za su tafi ya ɗago ya ce, "Malam, shayin dai yana nan." Jan Biro ya ce Allah ya kiyashe shi da shayin da aka dama da sifana.

Ita ta fitar da motar, da fizga biyu da tsaki ɗaya. Shi ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Tunda ya sayi motar bai taɓa zama a nan ba. Kujerar ta lotsa ta wani irin yanayi da ba na jikinsa ba, ƙarami, ya karkata wajen ƙofa. Ba su yi nisa ba ya ji wani zafi na tasowa daga ƙasa yana gasa masa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ya janye ƙafafun, zafin ya bi su. Ya kama mariƙin gilashi ya murɗa, ya juya a banza, gilashin bai motsa ba.

"Sai ka danna gilashin da tafin hannu, kana murɗawa," in ji ta, idonta na kan hanya. "Ƙafa kuma ka ɗora a kan wancan tudun na gefe. Haka Mama take yi."

"Tun yaushe ya lalace?"

"Ina makarantar kwana ma haka yake."

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta faɗa. Ka ce zafin gari ne."

Ya danna da tafin hannu, ya murɗa. Gilashin ya sauka da ƙara, iska ta shigo. Ta fara yi masa bayanin likitan ido da ke zuwa asibitinsu, da cewa in yanar ido ce ana cirewa, in kuma matsalar ta bayan ido ce to sai an gani, kada ya sa rai da yawa, kada kuma ya cire rai. Yana ta cewa to. Can ya ji ƙanshin katakon da ake yankawa a shagon kafintan da ke bakin layinsu. Ya jira ta rage gudu. Ƙanshin ya cika motar, ya fara raguwa, ya wuce. Ya buɗe baki zai ce ya bar tukunyar shayi a kan tebur ba murfi, sai ya fasa. Ya gyara ƙafafunsa a kan tudun, ya riƙe gilashin da hannu don kada ya zame gaba ɗaya.